Sassaƙar Maƙogwaron Injin Babur: Amfaninta da Haɗarinta

Tun bayan ƙarin albashin Udoji, a tsakiyar shekarun 1970, babur ya zama dokin ma'aikacin gwamnati a ƙasar nan. Malamin makaranta da akawu da malamin gona da na asibiti, kowa ya yi ɗamarar mallakar Honda ko Yamaha ko Suzuki, wasu da rancen ofis, wasu da kuɗin adashi. Yau kuwa da irin su Bajaj da Jincheng suka cika tituna, babur ya wuce abin zuwa ofis kaɗai, ya zama hanyar abincin magidanta masu ɗimbin yawa. Saboda haka ba abin mamaki ba ne mai babur ya kasa kunne idan aka ce masa akwai wani aiki da za a yi wa injinsa ya ƙara ƙarfi, ba tare da ya sayi sabon kaya ba.

Aikin kuwa akwai shi, ba tatsuniya ba ce. Shi ne gyaran hanyar da iska da fetur suke bi daga kafireta zuwa cikin silinda, watau maƙogwaron inji. Ana kankare ƙarfen hanyar a gyara mata siffa, sa'an nan a daidaita bakin bututun da ke fitowa daga kafireta, wanda makanikai ke kira manifol, da bakin kafar da ke jikin kan inji, don su haɗu ba tudu ba gargada. Masu tseren babura a Ingila da Amurka da Japan sun daɗe suna cin gasa da wannan sana'a. To, amma aiki ne wanda ba a yi masa gyara idan an yi kuskure, domin ƙarfen da aka kankare ba ya komawa, kuma sau da yawa wanda ya tafi neman gira yakan dawo ba ido.

Inji ma numfashi yake yi

Kafin a fahimci amfanin aikin, wajibi ne a san cewa ƙarfin inji ba daga fetur kaɗai yake zuwa ba. Fetur ba ya cin wuta sai da iska, kuma iskar da yake bukata tana da yawan gaske. Masana sun auna cewa kowane kilo ɗaya na fetur yana bukatar kilo 14.7 na iska kafin ya ƙone sarai. Idan aka mayar da wannan lissafi zuwa lita, za a ga lita ɗaya ta fetur tana bukatar iska wajen lita 9,000. Ƙara wa inji fetur abu ne mai sauƙi, ko yaron gareji zai iya. Wahalar tana wajen shigar da iskar da za ta ƙone shi.

Yawancin baburan da ake hawa yanzu suna aiki ne bisa tsarin bugu huɗu, wanda Bajamushen nan Nikolaus Otto ya kammala a 1876. Fistin yakan sauka ya zuƙo iska da fetur, ya hau ya matse su, fulogi ya ba da wuta su fashe su turo shi ƙasa, kana ya sake hawa ya kori hayaƙi. A cikin huɗun nan, bugu ɗaya tak ake zuƙa. Alal misali, a ɗauki inji mai cc 125 wanda ke juyi 6,000 a minti ɗaya. Zai zuƙi iska sau 3,000 a minti, watau sau 50 a daƙiƙa guda, kuma kowace saukowar fistin ba ta wuce kashi ɗaya cikin 200 na daƙiƙa ba. Da silindar za ta cika maƙil a kowace zuƙa, da lita 375 ta iska ce za ta ratsa wannan ɗan maƙogwaro a kowane minti. Ba kuwa wani famfo da ke tura ta. Fistin yana buɗe wuri ne kawai, nauyin iskar sararin sama, wanda ya kai kimanin kilo ɗaya a kan kowace murabba'in santimita, shi ne yake danna ta ciki.

A ɗan wannan lokaci da bai kai ƙiftawar ido ba, duk wani abu da ya tare hanya, komai ƙanƙantarsa, yana rage abin da zai shiga. Silindar da ta cika kashi 80 cikin 100 ba za ta ba da ƙarfin wadda ta cika kashi 90 ba, ko da kuwa girmansu ɗaya.

Inda matsalar take

Mai karatu zai iya tambaya, me ya hana kamfani ya gyara hanyar tun daga masana'anta? Amsar ita ce tsada. Kan inji zuba shi ake yi da narkakken alminiyam a cikin mazubi, dubbai a kan dubbai. Manifol kuma dabam ake yin sa, wani na ƙarfe, wani na roba mai ƙarfe a ciki. Wajen zubi akan sami ɗan zamewa, a bar tsini a inda ɓangarorin mazubi suka haɗu, ko kuma a sami kaifi a ƙarƙashin mazaunin bawul, inda injin yanka ya tsaya ya bar ƙarfen zubi. Ramukan noti ma akan yi su da ɗan yalwa don haɗi ya yi sauƙi. Sakamakon haka shi ne, idan aka ɗaure manifol a jikin kan inji, ba lalle ne bakunansu su yi daidai ba. Sa mutum ya zauna ya bi kowane inji da hannu zai ɗaga farashin babur, don haka kamfani yakan bar shi haka nan muddin yana cikin iyakar da aka yarda da ita.

A nan akwai wani bambanci da ya kamata a riƙe. Idan bakin manifol ya fi na kan inji faɗi, iska za ta zo a guje ta ci karo da gefen ƙarfe kamar bango, ta hargitse, ta yi ta juyi a wurin, kuma fetur ɗin da take ɗauke da shi ya taru ya zama ɗigo. Wannan shi ne mugun tudu, shi ake so a kawar. Amma idan manifol ne ya fi ƙanƙanta da kaɗan, iskar sauka kawai take yi daga matsattsen wuri zuwa mai ɗan yalwa, kuma asarar ba ta taka kara ta karya ba. Hasali ma wasu gwanaye da gangan suke barin wannan 'yar matakala, ta rabin milimita ko milimita guda, domin tana taimakawa wajen tare iskar da kan nemi komowa baya sa'ad da inji ke tafiya a hankali. Makanikin da bai san wannan ba yakan ga rashin daidaito kawai ya hau kankara, ba tare da ya tambayi kansa ta wane gefe tudun yake fuskanta ba.

Yadda ake daidaita baki

Daidaita bakin manifol da na kan inji shi ne mafi sauƙin aikin, kuma shi ne mafi ƙarancin haɗari. Da farko akan kwance kafireta da manifol, a cire kan inji gaba ɗaya, a zare bawuloli. Wanda ya ce zai yi aikin alhali kan yana ɗaure a jikin babur, ya cusa tsumma a kafar don ya tare gari, to, ganganci yake yi da dukiyar wani, domin ƙwayar ƙarfe ɗaya ta isa ta karce silinda.

Bayan an wanke fuskokin biyu, sai a shafa musu shuɗiyar tawada irin ta masu aikin ƙarfe, ko baƙin alƙalamin maka. Akan ɗora gaskit a kan kowace fuska, a sa notuna don ya zauna a ainihin mazauninsa, kana a zagaya cikinsa da tsinin ƙarfe a fitar da zane. Wannan zane shi zai nuna inda ƙarfe ya yi yawa da inda ya gaza. Sai dai akwai tarko a nan. Ramin gaskit yakan fi kafar faɗi, musamman irin gaskit na kasuwa wanda ba na ainihi ba. Idan aka bi zanensa ido rufe aka buɗe bakunan biyu har suka kai girmansa, za a sami wani kumburi a tsakiyar hanya, kamar macijin da ya haɗiyi kwaɗo. Iska za ta zo wurin ta rage gudu, ta wuce ta sake matsuwa, kuma aikin ya koma ɓarna. Don haka ma'auni na gaskiya shi ne bakin kan inji da bakin manifol su da kansu. Gwani yakan yanki takarda mai kauri daidai da kafar kan inji, ya mayar da siffar a kan manifol, in ya so a datse gaskit ɗin ya bi su.

Wajen kankara akan yi amfani da ɗan injin gurza na hannu mai haƙorin ƙarfe mai tauri, ko kuwa magagari mai zagaye ga wanda ba shi da wutar lantarki amma yana da haƙuri. Ba a tsayawa a baki kawai a yi masa leɓe kamar mazurari. Akan shigar da gyaran can ciki, wajen santimita biyu ko fiye, ta yadda canjin faɗi zai tafi sannu a hankali har yatsa ya kasa gane inda aka fara da inda aka tsaya. Ana kankara kaɗan, a ɗaura, a leƙa da tocila, a kwance, a sake. Daga ƙarshe wajibi ne a yi wa manifol alama, ko a sa masa 'yan ƙusoshin tsayarwa, domin yalwar ramukan noti tana iya mayar da shi wani wuri dabam ranar da aka sake ɗaurawa, aikin yini guda ya tashi a banza. Mai aikin kuma ya sa tabarau, don tsinin alminiyam ba ya jin kunyar ido.

Kuskuren faɗaɗawa

Sassaƙar cikin kafar kanta, daga baki har zuwa bawul, ita ce babbar sana'ar, kuma a nan ne aka fi yin asara. Abin da hankali ya fara kawowa shi ne, tun da iska ake so ta yawaita, to, a buɗe hanya ta yi faɗi. Wannan tunani ya kashe injuna da yawa.

Dalili kuwa shi ne iska tana da nauyi, kuma abu mai nauyi idan ya ɗauki gudu ba ya tsayawa nan take. Masu ƙera inji sun san haka, shi ya sa ba sa rufe bawul ɗin shiga daidai lokacin da fistin ya kai ƙasa. Sukan bar shi a buɗe har fistin ya fara hawowa, domin iskar da ta taho a guje ta ci gaba da cusa kanta ciki. Wannan ƙarin cikawa kyauta ce, amma sharaɗinta gudu. Idan hanya ta yi faɗi fiye da kima, iska takan yi sanyin jiki, fistin da ke hawowa ya fi ƙarfinta ya koro ta waje ta inda ta shigo.

Lissafin ba shi da wuya ga ɗalibin sakandare. Faɗin fili na da'ira yana ƙaruwa ne bisa ninkin faɗin bakinta a kanta. Kafa mai milimita 22 idan aka buɗe ta zuwa 24, milimita biyu kacal aka ƙara, abin da ido da ƙyar zai lura da shi, amma filin ya ƙaru da kashi 19 cikin 100, gudun iska kuma ya ragu da kimanin kashi 16. Mai irin wannan babur zai tarar sulo ya ƙi zama, tashi daga tsaye ya yi nauyi, hawan tudu da goyo ya zama sai an sauko giya, shan mai kuma ya ƙaru. Mai yiwuwa ne a can ƙarshen totur ya ga ɗan ƙarin gudu, amma sau nawa ma'aikaci ke murɗe totur har ƙarshe tsakanin gidansa da sakatariya?

Inda riba take ba a baki ba ne, tana can kusa da bawul, wurin da hanya ke lanƙwasa ta gangara cikin silinda. Iska mai gudu ba ta son kwana mai kaifi. A gefen ciki na kwanar, watau ƙasan kafar, takan rabu da bango ta tsallake, ta bar rabin bakin bawul ba ya aiki. Gwani yakan mulmule wannan kwana ta zama mai laushi, amma ba ya zaftare ƙasan, domin zaftarewa ƙara wa kwanar kaifi take yi. Yakan share kaifin da ke ƙarƙashin mazaunin bawul, ya rage kaurin ƙarfen da ke kewaye da bututun da sandar bawul ke bi. Maƙurar da ke ƙarƙashin mazauni akan bar ta tsakanin kashi 85 zuwa 90 cikin 100 na faɗin bawul. Shi kansa mazaunin akan yanka shi da kusurwa uku, digiri 30 da 45 da 60, don iska ta zame ta wuce tun bawul bai gama buɗewa ba. Sau da yawa wannan yankan mazauni shi kaɗai ya fi duk sauran aikin amfani. Kuma duk wanda ya zurfafa kankara a rufin kafa ya sani cewa a bayan wannan bango akwai mazaunin sifirin da hanyar baƙin mai, a wasu injuna har da ta ruwa.

Akwai kuma ruɗin ƙyalli. Mai babur yakan ji daɗi idan aka nuna masa kafa tana walƙiya kamar sabuwar tasa, ya biya da murna. Amma a injin kafireta, fetur yana tafiya ne cikin iska a matsayin feshi, kuma a kan bango mai santsi ƙwarai yakan kwanta ya riƙa gangarawa kamar raɓa, ya shiga silinda bai gauraya ba. Shi ya sa masu sanin aikin ke gama kafar shiga da samfefa mai ɗan kaushi, lamba 60 ko 80. Kafar fitar hayaƙi ita ce ake gogewa ta yi sumul, don kada baƙin toka ya sami wurin kamawa.

Waɗanda suka auna kafin su yanka

Mutumin da aka fi dangantawa da mayar da wannan aiki ilmi shi ne Harry Weslake, Bature ɗan Ingila, wanda aka haifa a 1897 ya rasu a 1978. Ya fara ne da ƙera kafireta, kuma a shekarun 1920, yana aiki a kan injunan baburan tsere, ya shirya hanyar auna yawan iskar da ke ratsa kan inji. Daga nan sai magana ta tashi daga "ina gani" ta koma "ga abin da ma'auni ya nuna". Kamfanin Jaguar ya amfana da shawararsa, kuma da injin Weslake ne Peter Collins ya ci gasar duniya ta tseren babura a filin ƙasa a 1976. Na'urar da ta samo asali daga irin wannan tunani, watau teburin awon iska, ita ce har yanzu alƙalin masu sassaƙa. Akan ɗora kan inji a bisanta, a zuƙi iska da ƙarfi tsayayye, galibi wanda zai ɗaga ruwa inci 28 a bututu, a buɗe bawul kaɗan kaɗan ana rubuta sakamako. Abin da na'urar ta sha nunawa shi ne ido maƙaryaci ne. Har ma akan sami kafar da sai an cike wani sashenta da walda ko gam na musamman kafin ta ba da iska sosai.

A Japan kuma akwai Hideo Yoshimura, wanda ya koyi aikin injin jirgin sama, ya buɗe shagonsa a 1954, ya shahara da gyaran kan inji da hannunsa. Babur ɗin Suzuki GS1000 da ya shirya shi ne ya ci tseren awa takwas na farko da aka yi a Suzuka a 1978. Labarinsa yakan ƙarfafa wa makanikai gwiwa, kuma ya dace, sai dai a tuna cewa hannun nasa shekaru ya yi yana gwaji a filin tsere yana duba agogo.

Injin bugu biyu, irin na tsofaffin Yamaha da Suzuki masu haɗa fetur da baƙin mai, sha'aninsa ya fi haka tsanani. Ba shi da bawul irin na bugu huɗu. Kafofin suna jikin silinda, fistin ne ke buɗe su yana rufewa, saboda haka duk wanda ya taɓa tsayin kafa ya canza lokacin numfashin inji baki ɗaya. Walter Kaaden na kamfanin MZ a tsohuwar Jamus ta Gabas ya nuna iyakar abin da za a iya samu a 1961, sa'ad da ya fitar da ƙarfin doki 25 daga inji mai cc 125, ta hanyar daidaita kafofi da siffar salansa. A shekarar ce mahayinsa Ernst Degner ya tsere zuwa Yamma, ya koma Suzuki, ya ci musu gasar duniya ta cc 50 a 1962. Amma kafar fitar hayaƙi idan ta yi faɗi fiye da kima, ko aka bar gefenta da kaifi, ringi yakan leƙa ciki ya karye, ya tafi da fistin da silinda.

Bayan an ɗaura

Ko aiki ya yi kyau, bai ƙare ba sai an sake saita mai. Inji da ya sami ƙarin iska yana iya bukatar jet mai ɗan girma a kafireta. In ba haka ba cakuɗin zai yi ƙarancin fetur, zafi ya hau, har ya kai ga huda kan fistin. Fulogi shi ne shaida mafi kusa: ruwan ƙasa-ƙasa alamar lafiya ce, fari fat alamar ƙishin mai, baƙi mai toka alamar mai ya yi yawa. Baburan zamani masu fesa mai da na'ura kuwa, sai an duba saitin kwamfutarsu.

Yanayin ƙasar nan ma yana da ta cewa. Iska a zafin digiri 40 na bazara ta fi ta digiri 20 rashin nauyi da wajen kashi 6 cikin 100, a Jos kuma, mai tsayin kimanin mita 1,200 daga teku, iskar ta fi ta Legas sirantaka da fiye da kashi 10. Saitin da ya yi daidai a wani gari ba lalle ne ya yi a wani ba. Ga kuma ƙurar hunturu. Wasu bayan an yi musu sassaƙa sukan cire iyakilina wai don inji ya sha iska, alhali ƙura tana cin ringi da silinda kamar samfefa, ɗan ƙarfin da aka samu ya zube cikin 'yan watanni.

Ga ƙaramin babur na zuwa aiki, ribar da za a samu daga wannan gyara 'yar kaɗan ce, domin kafireta da kamshaf da salansa duk an yi su ne daidai da ƙarfin da kamfani ya nufa, kuma buɗe wuri ɗaya ba ya buɗe sauran. Babur da ya rasa ƙarfi, galibi ciwonsa yana wani wuri: iyakilina ya toshe, ko bawul ba ya zama, ko ringi ya cinye, ko robar manifol ta tsage tana shan iska ta gefe. Waɗannan ya kamata a fara dubawa, kuma kuɗinsu bai kai na sabon kan inji ba. Idan duk suna lafiya, kuma an riga an kwance inji don wani aikin, to, babu laifi a daidaita bakin manifol, a share tsinin zubi, a yanka mazaunin bawul da kyau. Abin da ya wuce haka, mai babur ya nemi makanikin ya auna kafar a gabansa kafin ya taɓa ta, ya faɗi milimita nawa zai cire da kuma daga wane gefe, a rubuta a takarda, a sake aunawa bayan an gama.